Baba Direba da Rigar Sandar Giya

Shekara talatin da shida Baba Direba ya yi yana tuƙa mota guda ɗaya. Ranar da mahaifinmu, wanda muke kira Abba, ya sayo ta, ranar ya ɗauke shi aiki. Kafin nan tifa yake ja a wani kamfanin fasa dutse, inda ya shekara tara yana kwasar tsakuwa daga bakin injin niƙa. A can ya baro rabin jinsa, ko da yake sai da aka daɗe kafin abin ya fito fili.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da tsumma rawaya a kafaɗa. Ba ya cin komai a cikin mota, ba ya kuma bari a ci. Motar yana kiranta Tsohuwa tun tana sabuwa. Matarsa ta rasu ina firamare, 'yarsa tilo ta yi aure a wani gari mai nisa, shi kuwa ya zauna a ɗakin da ke jikin garejinmu, da gado ɗaya da akwatin ƙarfe da kwalin sifanu a ƙarƙashin gadon. Shi ya kai mu makaranta dukanmu, daga babban wanmu da muke kira Yaya har zuwa kaina, auta.

Tsakaninsa da Yaya akwai tsohon miki. Yaya yana da shekara goma sha bakwai ya saci makulli ya fita da motar, ya dawo da ita da fitila ɗaya a fashe. Abba ya tambayi Baba Direba wa ya yi wannan. Da ya ga dama da ya ce shi ne, don Abba ba zai ce masa komai ba. Amma bai iya ƙarya ba. Abba ya zane Yaya a tsakar gida, ya kuma sa shi ya durƙusa ya ba direba haƙuri. Kowa ya manta da wannan rana ban da Yaya.

Da ciwon ajali ya kama Abba, ya kira Umma da Yaya bakin gadonsa a asibiti, ya ce, "Muddin mutumin nan yana iya tuƙa motar nan, kada wanda ya karɓi makulli a hannunsa." Yaya ya ce, "To, Abba." Ina ƙasar waje ina karatu a lokacin, Umma ce ta gaya mini ta waya.

Daga nan gida ya koma hannun Yaya. Ya sayi sabuwar mota mai canja giya da kanta, yana tuƙa abarsa. Aikin Tsohuwa ya ragu zuwa kai Umma asibiti duk Talata a auna hawan jininta, sai ziyarar 'yan'uwa jefi-jefi. Wannan ɗan aikin shi ne abin da ya rage wa Baba Direba a duniya, kuma ya riƙe shi da hannu biyu.

Kunnensa kuwa kullum ƙara nauyi yake. Ya koyi karanta leɓɓan mutane ta madubi. In bai gane magana ba sai ya ce, "To, ranka ya daɗe," tunda yawancin abin da ake gaya wa direba wannan ce amsarsa. Umma ta gane tun da wuri, ta yi shiru. Takan zauna daidai bayansa, in za a karya kwana ta taɓa bayan kujerarsa da lema, in za a tsaya ta taɓa sau biyu. Ba su taɓa zama sun shirya wannan ba.

Yaya ma ya gane, sai dai shi abin wasa ya samu. Yayata ta ba ni labarin yadda yakan shiga baya da abokansa, ya sassauta murya kamar mai yi wa mutum sannu, ya ce, "Baba, kai dai jaki ne, ko?"

"To, ranka ya daɗe."

"Gobe ma za mu kai ka kasuwa mu sayar."

"Allah ya kai mu."

Su yi ta dariya har da hawaye, shi ma ya ga haƙoransu a madubi ya taya su murmushi. Amma kurumta kaɗai ba ta isa hujjar karɓe makulli ba. Mutumin bai taɓa ko karce wata mota ba, kuma alkawarin Abba a kan tuƙi yake.

Yadda yake tuƙin nan ba kunne, bakaniken gidanmu ne ya tona shi, ba da mugun nufi ba. A gindin sandar giya akwai wata fata da ke lulluɓe ramin da sandar ta fito, masu gyara suna ce mata rigar giya. A ƙarƙashinta akwai roba mai kauri da matashin auduga, su ne ke hana ƙarar inji da zafinsa shigowa cikin mota. A motar Abba duk ukun sun daɗe da yagewa. Wata rana bakanike ya yi wa Yaya ƙorafi cikin raha, ya ce sau biyu yana ɗinke fatar nan yana toshe ramin, sau biyu yana tarar da an sake farke ta, an zare robar. Yaya ya je ya zauna a kujerar direba ya tayar da inji. Nan ya gane. Ta ramin nan gurnanin inji yake hawowa daidai kunnen Baba Direba mai ɗan sauran ji, iska mai ɗumi kuma tana bugun wuyan hannunsa. Da su yake sanin inji na raye, da su yake sanin lokacin canja giya.

Ni ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani, saura wata biyu in dawo gida Yaya ya turo mini hoton sandar giya da saƙo: in nemo wa motar Abba sabuwar riga ta fata ta ainihi, kada in manta da robar da audugar, yana son motar ta koma yadda Abba ya san ta. Saƙon ya sosa mini rai. Sai da na zaga wurin masu tsofaffin kayan mota har huɗu kafin na samu cikakken saiti, na naɗe shi cikin rigunana don kada ya lanƙwashe.

Ranar Asabar da hantsi, kwana uku da dawowata, Yaya ya sa aka fito da Tsohuwa tsakar gida. Ya ɗauko kujerar roba ya ajiye kusa da ƙofar direba. In yana son Baba Direba ya ji shi, gabansa yake tsayawa ya buɗe baki sosai.

"Baba! Auta ya kawo wa Tsohuwarka tsaraba!"

Baba Direba ya goge hannu a tsummansa kafin ya karɓa. Ya zaro fatar, baƙa ce mai laushi da ɗinki ja, ya shafa ta, ya sansana, ya yi murmushi. Sannan ya leƙa cikin ledar ya ga robar da audugar. Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai kai shi ba.

"Fata ta yi kyau, Auta. Allah ya yi maka albarka," ya ce da ni. "Waɗannan biyun kam a adana su, ba sai an sa ba."

"A adana?" in ji Yaya. "Yaro ya ɗauko kaya tun daga wata uwa duniya, ka ce a adana? Ko raini ne?"

"Subhanallahi, ba raini. To bari in kai wa bakanike ranar Litinin."

"Wane bakanike? Kai da ko ƙuda ba ka yarda ya sauka a kanta ba. Da hannunka za ka sa. Ga ni na zauna, yau ni ma zan koyi aiki."

Baba Direba ya dubi tagar ɗakin Umma. Labule a sake yake. Ya juya ya shiga ɗakinsa ya fito da kwalin sifanu.

Na tsuguna ta ɗaya ƙofar ina riƙe masa abin da ya miƙo. Ya fara murɗe ƙwallon kan sandar, wanda tafin hannunsa ya side lambobin jikinsa tun tuni, ya ba ni. Ya naɗe bakin sukudireba da tsumma don kada ya karce firam ɗin da ke kewaye da ramin, ya ɗaga shi a hankali, kusurwa bayan kusurwa. Kusoshi huɗu ya kwance, ya jera mini su a tafin hannu yadda suke a jikin motar, ya ce kada in cakuɗa, kowanne ya san raminsa. Da ya zare tsohuwar fatar sai ga ƙasa tana haske ta cikin ramin.

Na ɗauki tsohuwar fatar ina juya ta. Tsagar a miƙe take daga sama har ƙasa.

"Wannan ai kamar da wuƙa aka yanka," na ce.

Yaya ya bushe da dariya. "Ɓeraye ne, Auta. Ɓerayen gidan nan da reza suke yawo a aljihu."

Baba Direba bai ɗago ba. Ban san ko ya ji ba. Ya kankare tsohon gam daga jikin firam da bayan wuƙa, ya share wurin tas. Ya zura robar ta kan sandar har ƙasa. Daidai lokacin wayar Yaya ta yi ƙara, ya tashi ya juya mana baya yana magana. Gefe ɗaya na robar bai zauna ba, ya bar wata 'yar kafa da yatsa zai iya shiga. Baba Direba ya tsaya yana kallon kafar. Audugar za ta rufe ta, ba mai gani. Ya daɗe a haka, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sai ya sa babban yatsa ya danna har robar ta faɗa gurbinta, ya bi kewayenta da yatsa ya tabbatar. Ya ɗora audugar, ya daidaita ta.

Fatar kuwa sai da ya juya cikinta waje, ya zura ta a kife, ya ɗaure wuyanta a jikin sandar da siririyar waya, sannan ya warware ta ƙasa ta rufe ɗaurin. Ya shafa gam a firam, ya jira yana taɓawa da ɗan yatsa har ya fara danƙo, ya manna gefen fatar yana ja kaɗan-kaɗan don kada ta yi tattara. Ya ga jan ɗinkin ya ɗan karkace, ya ɓamɓare ya sake. Ya mayar da kusoshi huɗu da ƙwallon. Ya taka kuloci ya shiga kowace giya, ɗaya zuwa huɗu da ribas, yana duba ko fatar tana ɗamewa. Ba ta ɗame ba. Duk wanda ya gani zai ce daga kamfani motar ta fito da ita.

"Kai, Baba, hannunka da albarka," in ji Yaya. "Sai a ɗana. Auta, kira Umma ta zo ta ga motar mijinta."

Umma ta fito da lemarta ta nufi ƙofar da ta saba. Yaya ya riga ta, ya zauna bayan direba, ya ce ta zaga ta ɗaya gefen, can ya fi inuwa. Ta tsaya ta dube shi, sannan ta zaga. Ni na zauna gaba. Yaya ya ce a ɗaga gilasai duka, a ji yadda motar ta yi shiru.

Motar kuwa ta yi shiru. Baba Direba ya raini injin nan shekara da shekaru har ya zama in yana tsaye ko kofin ruwa aka ɗora a kansa ba zai girgiza ba. Muka fita layinmu, muka hau babban titi. Na lura idonsa na bin turakun lantarki, da saurin wucewarsu yake canja giya, kuma bai kuskure ko sau ɗaya ba. Umma tana jan carbi.

A mahaɗar da ke gaban gidan mai jar fitila ta tsayar da mu. Fitilar wurin tana daɗewa. Baba Direba ya cire giya ya bar ta a firi, ya ɗora hannu a kan sandar, sannan ya sauke wuyan hannunsa ƙasa har ya taɓa sabuwar fatar. Ya karkata kai gefe. Ya dubi allon gabansa, inda fitilun suka daɗe da mutuwa. Sannan ya dube ni ta gefen ido. Na ɗauka so yake in yaba aikinsa, na yi masa murmushi.

Fitila ta koma kore. Ya kai hannu ya murɗa makulli a kan injin da ke aiki.

Ƙarar da sitata mai tayar da inji ta yi kamar ana goga ƙarfe a kan dutsen niƙa. Masu babur da ke gefenmu suka waiwayo, wani ya ɗaga hannu yana cewa, "Kai tsoho, za ka kashe ta!" Shi bai ji komai ba. Da bai ji inji ya amsa ba, sai ya sake murɗawa, ya riƙe ya fi na farko daɗewa. Motocin baya suka cika wurin da ham. Ya ɗaga ido ya dubi madubi, ya ga Umma ta saki carbi ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. A nan ya saki makullin.

Yaya ya taɓa kafaɗarsa ya nuna masa gefen titi. Baba Direba ya sa giya ta ɗaya, ya gangara, ya tsaya daidai da layin kwalta, ya ja birkin hannu. Yaya ya fita ya zago ya buɗe ƙofarsa, ya sunkuyo har fuskarsu ta kusa haɗuwa, yana fitar da kalma ɗaya-ɗaya.

"Injin yana aiki, Baba. Tun ɗazu yana aiki."

"To, ranka ya daɗe."

"Umma, kin ji da kunnenki. Auta, kai ne shaida. Na riƙe wa Abba alkawari ko ban riƙe ba?"

"Ka bari mu je gida," in ji Umma.

"A'a, a nan. Mutumin da bai san motarsa a kunne take ko a kashe ba, shi zan bar wa ran uwata? Yau sitata ce, gobe jirgin ƙasa ne zai yi masa ham."

Abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne, kuma ya san haka, shi ya sa ya faɗe shi da ƙarfi yadda masu sayar da kaya a bakin titi za su ji. Ya buɗe tafin hannu.

Baba Direba ya kashe inji ya zare makulli. A zobe ɗaya yake da makullin ɗakinsa. Ya sa farce yana ƙoƙarin buɗe zoben, zoben ya yi tsatsa, farcen ya karye. Ya sake da wani yatsa. Mutane sun fara taruwa. Yaya bai ce a taimaka masa ba, bai kuma janye hannunsa ba, har makullin ya fita.

Na koma baya kusa da Umma. Baba Direba ya zago ya tsaya a ƙofar gaba ta fasinja, ya kasa shiga. Kujerar Abba ce, bai taɓa zama a kanta ba.

"Shiga mana," in ji Yaya. "Yau kai ne maigida, ni ne direba."

Ya zauna a bakin-bakin kujerar, hannuwansa a kan gwiwa. Yaya ya daɗe bai taka kuloci ba. Sau uku motar ta mutu masa kafin mu isa gida, kuma duk canjin giya sai ta yi kuka kamar ana cire mata haƙori. Baba Direba ba ya jin kukan, amma yana ganin yadda ake fizgar sandar. Sau ɗaya hannunsa ya tashi daga gwiwa ya nufe ta, ya mayar da shi.

Ranar Litinin na je garejin bakanike, a can na ji labarin ramin tun daga farko. Ya riƙe baki ya ce, "Wallahi da na san abin da zai biyo baya da na haɗiye harshena. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana."

Yaya bai kore shi ba. Ga duk wanda ya tambaya yakan ce, "Ni na kori wani? Ga ɗakinsa can, ga abincinsa." Sai dai ya ce gareji ya yi wa sabuwar mota kaɗan, aka turo Tsohuwa waje jikin katanga, inda rana ke dukanta daga hantsi har la'asar. Ya kulle ƙofofinta huɗu, ya jefa makullin a durowar ɗakinsa. Umma tana zuwa asibiti in ya sami sukuni, wani lokaci Talata, wani lokaci Alhamis, wani makon a tsallake.

Bayan kamar wata guda ina fita da safe Baba Direba ya tare ni a bakin ƙofa. Ya rame. Yana riƙe da wani ɗan gwangwanin man shafa takalmi marar launi.

"Auta, alfarma nake nema. Fatar nan ta ainihi ce, in rana ta ci gaba da dukanta ta gilashi za ta tsattsage. Ka roƙar mini yayanka makulli na minti biyar. Ba zan tayar da ita ba. Mai kawai zan shafa."

Na sami Yaya yana karyawa, na gaya masa. Bai ɗago daga wayarsa ba.

"Ka ce masa ta tsattsage ɗin. Ai shi ya fi son ta a yage."

Na fito na tarar da shi inda na bar shi, ya riga ya buɗe murfin gwangwanin. Ya zuba wa bakina ido. Na buɗe baki sosai yadda zai gane, na ce, "Gobe."

"Allah ya kai mu," ya ce, ya mayar da murfin.